Gyaran cikin tsohon jirgin ruwa a Legas: tambayoyi da amsoshi kan wanke bilji da yi masa fenti

Duk wanda ya sayi tsohon jirgin ruwa a Legas da niyyar tayar da shi, idonsa kan inji yake fara sauka, sai fentin waje, sai kujeru. Bilji, wato kwarin da ke can ƙasan jirgi ta ciki, ƙarƙashin daɓen da fasinja ke takawa, shi ake bari ƙarshe, in ma an tuna da shi. Alhali nan ne duk abin da ya zube a jirgi yake gangarawa: ruwan sama, ruwan lagun, fetur, baƙin mai, yashi, ledar fiya-wata. Tambayoyin nan su ne waɗanda 'yan'uwanmu masu harkar jirgi a Apapa, Ojo, Ikorodu da Badagry suka fi yi. Yawancin amsoshin kan jirgin faiba ne, don shi ya fi yawa a jigilar fasinja, amma an taɓo na katako, na ƙarfe da na alminiyom.

Malam, wurin da ba mai gani, don me zan kashe masa kuɗi?

Don kai ka riƙa gani. Bilji mai baƙin datti ba ya gaya maka komai, ko jirgin ya fara yoyo ba za ka sani ba sai ruwa ya taɓa idon sawun fasinja. Wanda aka wanke aka yi masa farin fenti ko ruwan toka mai haske kuwa, da ka ɗaga murfi ka leƙa ka karanta halin jirginka. Ruwa garau na sama ne ko na feshin igiya. Wanda launuka ke yawo a samansa, fetur ya shiga. Baƙi, man inji ne. Jan layi da ya gangaro daga wani noti, tsatsa ce. Ruwa mai launin shayi shi ne mafi muni, don ya ratsa ta cikin ruɓaɓɓen katako kafin ya iso nan.

Dalili na biyu shi ne jikin faiba kansa. Ta waje an lulluɓe shi da jelkot mai santsi, ta ciki kuwa sau da yawa ɗanye ake barinsa, da kaushi da ƙananan kafofi. Ruwan da ya kwana a kai shekara da shekaru yana tsotsuwa a hankali, ya tafi da mai da wari, har ya kai ga katakon da aka binne cikin faibar.

Na taso a Yawuri, na san kwale-kwale tun ina yaro. Me ya bambanta ruwan nan da namu?

Gishiri da laima. Lagun ɗin Legas haɗe yake da teku ta mashigin da manyan jirage ke bi su shiga Apapa. Da rani gishirinsa yana ƙaruwa, da damina kogin Ogun da sauran rafuka su tsarma shi. Ruwan gishiri in ya bushe a bilji, ruwan ne ya tafi, gishirin yana nan, kuma aikinsa jan danshi daga iska. Shi ya sa za ka shanya jirgi yini guda a rana, da asuba ka taɓa ka ji shi da ɗan jiƙe. Ka shafa fenti a kan wannan gishirin, bayan 'yan watanni ya yi ƙuraje ya tashi. A Kebbi iska ce ke busar maka da jirgi kyauta. A nan sai ka nemi bushewa da dabara.

Daga ina zan fara?

Fitar da jirgin kan tudu, a tokare shi da kyau, gaba ya ɗan fi baya tsayi, a cire toshen magudanar baya. Kafin ka kwance ko waya ɗaya, ɗauki hotuna da wayarka ta kowace kusurwa. Ranar mayarwa za ka gode wa kanka.

Batir ake fara cirewa, sannan tanki da tiyon mai, sai famfo da wayoyi, sai katakan daɓe. Dalilin jerin nan shi ne tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya watse, gangarawa yake ya kwanta a bilji. Kaso 1.4 cikin 100 kacal na wannan tururi a cikin iska ya isa tartsatsi ɗaya ya tayar da wuta. Saboda haka ba sigari, ba walda a kusa, ba injin gurzawa, sai hancinka ya daina jin fetur gaba ɗaya. Janareta a ajiye shi nesa, a jawo waya.

Yaya ake fitar da maiƙon shekaru?

Nan ne rabin aikin yake, kuma nan ne masu gyara suka fi ha'inci, don wahala ce da ba ta fitowa a hoto.

Ka fara da busasshen aiki. Zuba garin katako a kan kwatamin, ka bar shi ya tsotse, ka kwashe da hannu cikin safa zuwa buhu. Kankare abin da ya daskare da faffaɗan ƙarfe ko guntun roba mai kauri. Sai ruwan zafi da omo ko sabulun wanke inji, da buroshi mai tauri. Ka bar kumfar ta jiƙa wurin minti 15 zuwa 20 kafin ka goge, ka ɗauraye, ka sake. Tsohon jirgi mai injin da ake haɗa wa fetur da mai, irin Yamaha Enduro da ya cika jetocinmu, ba ya fita da wanki ɗaya. Lungunan da haƙarƙarin jirgi ya haɗu da ƙasa su ne maɓoyar maiƙo, tsohon buroshin haƙori ne ke isa can. Ɗaurayar ƙarshe da ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse za a yi ta, a yalwace. Wanda ya ɗebo na lagun ya ɗauraye, ya mayar da gishirin da ya cire.

Gwajinsa mai sauƙi ne. Watsa ruwa mai tsabta a wurin. In ya shimfiɗu baki ɗaya, maiƙo ya fita. In ya dunƙule ɗigo-ɗigo yana gudu, da saura, koma ka wanke.

Abu biyu kada ka yi. Kada ka wanke da fetur ko kananzir, ko da yaran gareji sun ce haka suke yi: haɗarin wuta ne, kuma suna barin nasu maiƙon. Kada kuma ka sa samfefa kafin wanki, don cusa man za ka yi cikin zanen da ta bari, inda ba sabulun da zai iske shi. Asiton, wato ruwan sinadarin nan mai narkar da maiƙo, yana da amfani, amma a ƙarshe, da tsumma biyu: ɗaya jiƙaƙƙe ya narkar, ɗaya busasshe ya ɗauke kafin ya bushe. Shi ma mai saurin kama wuta ne ƙwarai.

Ruwan wankin fa, in sake shi cikin lagun?

A'a. Tare shi a durom, bar shi ya kwana, man zai taso sama, ka kwashe ka haɗa da baƙin man da masu saye ke karɓa a gareji. Manyan jirage dokar MARPOL, wato yarjejeniyar duniya kan hana gurɓata teku, ta hana su sakin ruwan bilji da mai ya wuce kaso 15 cikin miliyan. Naka ƙarami ne, amma LASWA da NIWA, hukumomin kula da hanyoyin ruwa na jihar Legas da na tarayya, suna kan ruwan nan, kuma masuntan Makoko da Epe a cikinsa suke neman abinci.

Ta yaya zan gane ko akwai ruɓa a ƙarƙashin faiba?

Wannan tambaya ta fi ta fenti muhimmanci nesa ba kusa ba. A yawancin tsofaffin jiragen faiba, dogayen sandunan da suka miƙe daga gaba zuwa baya suna riƙe ƙasan jirgi, da bangon baya inda ake rataye inji, katako ne ko filawud a ciki, faiba a waje. Kowane rami da aka taɓa hudawa don ɗaure famfo ko kujera ba tare da an like shi ba, ƙofa ce ta ruwa.

Ɗauki ƙaramar guduma ko ƙotar sukudireba ka bi kana ƙwanƙwasawa taku-taku. Lafiyayyen wuri yana amsawa ƙwal-ƙwal. Inda ya ce bum-bum, zagaye shi da alli. Sai ka huda ƙaramin rami can ƙasa-ƙasa a wuraren da ka zagaye, ka tari abin da ya fito a tafin hannu. Garin katako mai haske, busasshe, mai ƙamshin itace, alhamdu lillahi, cike ramin da ifoksi, wato gam ɗin nan da ake haɗa ruwa biyu ya daskare, ka wuce. In baƙi ne, jiƙaƙƙe, yana murtsukewa tsakanin yatsu, ko ruwa ya biyo bakin ramin, to aikinka ya tashi daga fenti ya koma kafinta. Sai an yanke faibar, an kwashe ruɓar, an sa sabon katako an sake lulluɓewa.

Bangon baya yana da nasa gwajin: ɗaga ƙafar inji, wani ya danna ta da nauyinsa kai kana kallon bangon. In yana lanƙwasa ko tsaga tana buɗe baki a kusurwa, kada wannan jirgi ya ɗauki mutane. Duba kuma soson da ake zubawa ƙarƙashin daɓe don hana nutsewa. In ya sha ruwa ba ya bushewa a inda yake, yana ƙara wa jirgi nauyi, yana shanye maka fetur, yana kuma jiƙa katakon da ke gefensa dare da rana. Cire shi ake yi.

Na sha ganin jirgin da aka yi wa bilji fari tas don a sayar, ƙasansa kuwa fanko. In za ka sayi tsohon jirgi ka tarar da sabon fenti a bilji kaɗai, tafi da guduma.

Kwana nawa zai yi kafin ya bushe?

Ba a ƙirga wannan da kwana, gwadawa ake yi. Yanki leda mai haske kamar faɗin takarda, like gefunanta huɗu da salatif a mafi zurfin wuri, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ga gumi a ƙarƙashinta, ko wurin ya fi kewayensa duhu, bai bushe ba. Jirgin da ya daɗe da ruwa a ciki yana iya cin makonni.

Yi masa rumfar tampol mai tsayi wadda iska ke ratsawa ta gefe, kada ka lulluɓe shi ruf, don gumi zai yi. Fanka mai hurawa cikin bilji ta fi rana aiki. In kana da zaɓin lokaci, Disamba zuwa Fabrairu ne, musamman kwanakin da hunturu ya sauko har bakin teku, sai dai ka yi hattara da ƙura ranar fenti. Yuni da Yuli, lokacin da ruwa ya fi sauka, ka yi wanki da aikin kafinta kawai. Masu fentin jirage ba sa shafawa in laimar iska ta haura kashi 85 cikin 100, kuma safiyar Legas sau da yawa tana kai haka. Bari raɓa ta ɗauke, ka fara da hantsi, ka gama da wuri yadda fentin zai kama kafin sanyin yamma.

Sai na kankare tsohon fentin duka?

Wanda ke ɓarewa dole ya tafi. Wanda ya riƙe gam, gurza shi da samfefa lamba 80 har ƙyallinsa ya mutu ya isa, in irinsa za ka maimaita. Jiƙa tsumma da tinar fentin da za ka shafa, ɗora a kan tsohon na ɗan lokaci. In ya yi laushi ko ya yamutse, mai gwangwani ɗaya ne, wato wanda ake shafawa ba a haɗa shi da ruwan daskarwa ba, kuma in ka ɗora ifoksi mai haɗi biyu a kansa zai iya tayar da shi. Nan sai ka zaɓa: ko ka cire shi ƙarƙaf, ko ka tsaya kan mai gwangwani ɗaya.

Ƙurar faiba tana sa ƙaiƙayi, tana cutar huhu. Riga mai dogon hannu, tabarau, da takunkumi na gaske mai matata. Ƙyallen ɗaure hanci ba ya tare komai. Tsofaffin jiragen katako da na ƙarfe kuma ana samun jan fenti mai dalma a cikinsu. Irin wannan a jiƙe ake kankare shi, kuma kada kayan aikin su je gida inda yara suke.

To wane fenti zan saya?

Zaɓi uku ne. Na farko fentin bilji mai gwangwani ɗaya, irin Danboline na kamfanin International. Buɗewa ka shafa, yana jure mai, gyaransa ba wuya, amma in ruwa na kwana a kansa kullum ba ya daɗewa. Na biyu ifoksi mai haɗi biyu, irin wanda Jotun da Hempel ke yi wa jirage. Ya fi tsada, ya fi son shiri mai kyau, amma shi ne ke toshe faiba daga ruwa da gaske. Na uku jelkot ɗin shafawa wanda aka sa wa kaki. Masu aikin faiba sun saba da shi kuma ya fi sauƙin samu. Ka tabbata mai kakin ne, don jelkot ɗin zubi in ya sha iska samansa danƙo yake zama ba ya ƙarasa bushewa. Ka kuma sani ifoksi yana kama jikin poliyesta, wato gam ɗin da aka saba yin jikin faiba da shi, da kyau, amma jelkot a kan ifoksi ba abin dogaro ba ne. In ka yi faci da ifoksi, ka rufe da ifoksi.

Ra'ayina: jirgin haya da ke ruwa kullum, wanda daɓensa in an rufe sai bayan shekaru, ifoksi shafi 2 ko 3. Jirgin da ake fitarwa tudu kuma hannu na isa ko'ina a biljinsa, mai gwangwani ɗaya ya wadatar.

Fentin bangon ɗaki ba ya cikin lissafi. Fentin ƙasan jirgi na waje, mai hana ƙwari da gansakuka mannewa, guba ce da aka yi ta don ta riƙa zubewa a hankali, ba ta da aiki a ciki. Ka duba ranar ƙarewa a gwangwani, ka ƙi wanda aka juye a jarka ba suna. Araha ba ta ado.

Na haɗa ifoksi, kafin in kai rabi ya yi zafi ya daskare a roba. Jabu aka sayar mini?

Mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau, zafin gari ne. Lokacin aiki da ake rubutawa a gwangwani galibi na yanayin digiri 20 zuwa 25 ne, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage shi kusan rabi. Ifoksi kuma da kansa yake haifar da zafi yayin daskarewa, yawansa a wuri ɗaya yana ƙara hura shi. Haɗa kaɗan-kaɗan, juye shi cikin faranti mai faɗi, ajiye gwangwanaye a inuwa.

Awon haɗi kuwa ba a yi masa wayo. Masu faiba sun saba da poliyesta, inda ake ɗan ƙara ko rage ruwan daskarwa tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 gwargwadon zafi. Ifoksi ba haka yake ba. In an ce 4 da 1, to 4 da 1 ne. Ka ƙara don ya yi sauri, ka rage don ya jinkirta, duk sakamako ɗaya: fenti mai taushi da ba zai taɓa ƙarfi ba.

Washegari na taɓa na ji wani santsi kamar maiƙo a kan fentin. Mene ne?

Abin da wasu ifoksi ke fitarwa ne in sun bushe cikin laima, kuma a Legas ka sa ran ganinsa. Asiton ba ya cire shi yadda ya kamata, ruwa da soson wanki ne maganinsa. Wanke, busar, gurza sama-sama, sannan shafi na gaba. In ka tsallake wannan, na biyun zai saluɓe a faifai guda. Ka kuma kiyaye tazarar da aka rubuta tsakanin shafi da shafi. In ta wuce, sai an sake gurzawa.

Nawa na katako ne. Duk wannan ya shafe ni?

Wankin ya shafe ka, ifoksin a'a. Jirgin da aka jera da allunan katako yana kumbura yana motsawa, da haka ma yake toshe kansa. Ka like cikinsa da ifoksi alhali wajensa na shan ruwa, ka kulle danshi a tsakiya ke nan, gyaran gangar Auzinawa. Ba shi fentin mai, shafin farko a tsarme don ya shiga jiki. Kada kuma ka shanya shi ya wuce kima, alluna za su tsuke su buɗe.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ruwan sama ya fi na gishiri ruɓar da katako. Saboda haka jirgin da aka ɗaure a jeti ruwan damina na kwana a cikinsa ya fi wanda ke aiki kullum shiga haɗari. Soka tsinin wuƙa a gindin kowane haƙarƙari da kewayen ƙusoshi, inda ta shige ba gardama a canza. Iroko da opepe suna jure ruwa. Obeche da afara ba su da wurin zama a bilji, ko da mai katako ya rantse. Kwalta tana da amfaninta wajen toshe tsaga, amma malala ta a duk bilji yana ɓoye ruɓa, kuma fetur da gas suna narkar da ita.

Na ƙarfe da na alminiyom fa?

Jirgin ƙarfe daga ciki yake mutuwa, tsatsar bilji ce ke huda shi. Kankare har farin ƙarfe ya fito, wanke gishiri, busar, ka shafa firamar ifoksi, wato shafin farko, a ranar. Ka kwana ba ka shafa ba, iskar Apapa ta riga ka. Alminiyom sau da yawa barinsa ake yi ba fenti, tsabta kawai yake so. Maƙiyinsa jan ƙarfe ne: guntun waya da mai lantarki ya yar a bilji, in ya kwanta cikin ruwan gishiri, zai ci rami a wurin. Tsince su tas, kada kuma fenti mai jan ƙarfe ya taɓa shi.

Me ake yawan mantawa wajen mayar da kaya?

Ƙananan ramukan da ke gindin haƙarƙari, waɗanda ruwa ke bi daga ɗaki zuwa ɗaki har ya isa famfo. Fenti yana toshe su. Zura waya a kowanne, sannan ka zuba bokitin ruwa daga gaba ka bi shi da ido har baya. Inda ya tsaya ya yi kududdufi, gyara kafin ka rufe daɓe. Bakin ramin ta ciki, inda katako ya fito fili, shi ma a shafe shi da ifoksi.

Famfo ya zauna a mafi zurfin wuri, da matata a bakinsa, don ƙurar gyara da gashin buroshi su ne ke fara shaƙe shi. Mahaɗar wayoyi a ɗaga su sama da inda ruwa ke kaiwa. Adadin da aka rubuta a jikin famfo na lokacin da ba tiyo ba hawa ne, abin da zai fitar a jirginka bai kai haka ba, don haka bokiti ya ci gaba da zama a jirgi. Duk sabon rami da za ka huda, a like shi kafin noti ya shiga. Ka kuma bar murfin leƙawa aƙalla ɗaya a daɓe.

Ba ni zan yi da hannuna ba, mai gyara zan ba. Yaya zan tsare kuɗina?

Raba aikin gida uku, biyan ma haka: kwancewa da wanki, gyaran ruɓa, sannan fenti. Sharaɗinka ɗaya, ba a buɗe gwangwani sai ka zo da kanka, ka watsa ruwa, ka ƙwanƙwasa, ka ɗaga ledar gwaji. Sayi fentin da hannunka, ka ce a ajiye maka gwangwanayen da suka ƙare. In ya ce maka, "Alhaji, kwana biyu na gama," tambaye shi yaushe zai bushe. Amsar da ya bayar za ta nuna maka ko ya san aikin.

Yaushe zan mayar da jirgin ruwa?

Bushewar taɓawa daban, nuna daban. Yawancin ifoksi sai sun yi kamar mako guda kafin su iya jure mai da tsayayyen ruwa, mai gwangwani ɗaya ma ka ba shi kwanaki. Danna farce a wani lungu: in ya bar alama, ƙara haƙuri. Ranar sakawa, tabbatar toshen magudana ya koma, ka bar jirgin ɗaure a jeti ba fasinja, murfin leƙawa a buɗe. Shimfiɗa busasshiyar jarida a gindin bangon baya da ƙarƙashin tiyon mai, ka dawo bayan awa ɗaya ka duba wace ce ta jiƙe kuma da me.